Zawarcin 'yan wasa a gem da a fili: wa ke riƙe da sunayen yaran Gubuchi?

Masu buga gem ɗin ƙwallo a yankin Makarfi da Ikara da Kudan kashi biyu ne. Akwai 'yan sha-yanzu-magani-yanzu, waɗanda za su faɗa shagon gem su ɗauki Real Madrid ko Faransa, a fafata na minti goma, wanda aka ci ya biya kuɗi ya miƙa wa na gaba hannu. Su suka fi yawa, su kuma suka fi cika wa mai shago kunne. Kashi na biyu 'yan tsiraru ne. Sukan zo da hantsi lokacin da shago ba kowa, ko su raba dare a kan waya, su ɗauki ƙaramin kulob su yi ta rainonsa kaka bayan kaka. Irin waɗannan ne za ka ji ɗayansu na roƙon mai shago, ga janareto na ruri a bayan ɗaki: "Oga, don girman Allah kar a goge min ajiyata, kaka ta shida nake ciki, yaron da na ɗauko yana ɗan sha bakwai yanzu ya fara ci min ƙwallo." Tambayar da ke gaban wannan matashi ita ce ke gaban duk mai ƙungiyar da ba ta da kuɗi a duniya: yaya za ka gane yaro mai kyau kafin kowa ya gane shi, kuma da me za ka jawo shi wurinka alhali manya ma na nemansa?

Waɗanda suka yi zamanin PS2 sun san wannan jarrabawa tun a Master League na kamfanin Konami. Ana haɗa ka ne da tarkacen 'yan wasan da babu su a duniya, su Castolo da Minanda da Ximelez da gola Ivarov, a ba ka 'yan kuɗi ƙalilan a ce je ka nemi kofi. Mai gaggawa yakan tattara abin da ya samu ya sayo tauraro guda, albashin tauraron ya cinye asusu, kaka ta ƙare yana cikin bashi. Mai haƙuri yakan bi waɗanda kwantiraginsu ya ƙare da ƙananan yara masu arha, ya yi ta ba su wasa har su nuna. Konami ta sauya wa gem ɗinta suna zuwa eFootball a 2021, FIFA ta kamfanin EA ta koma FC a 2023, yawancin yara kuma sun koma buga eFootball da Dream League Soccer a waya. A waya dai abin ya lalace ta wani gefen, domin sai ka zuba kuɗi a buɗe maka ƙunshi, ko ka dace da babban ɗan wasa ko ka tashi a tutar babu. Wannan ya fi kusa da caca, kuma ban sa shi cikin lissafin dabara ba.

Gem ɗin da ya ɗauki zawarcin 'yan wasa ya mayar da shi zuciyar wasan, ba na ƙwallon da muka sani ba ne. Sunansa College Football 25, kamfanin EA ya fitar da shi ranar 19 ga Yulin 2024, kuma a kan ƙwallon Amurka yake, wadda ta yi kama da zari-ruga, ake sa mata hular kwano da sulken kafaɗa. Da wuya ka gan shi a garin Gubuchi, kai ko a Zariya ma, don sai a PS5 da sabbin Xbox yake tashi, wasan kuma ba namu ba ne. Amma duk mai son fahimtar yadda ake farautar yara masu baiwa ya kamata ya san yadda aka gina shi, domin ya tona asirin abin da muka rasa.

A Amurka, hanyar shiga babbar gasar NFL ta jami'a take bi. Yaro zai yi wasa a sakandare, jami'o'i su yi rububinsa da tayin karatu kyauta, sai ya shekara uku da gama sakandare kafin ya cancanci shiga NFL. Kar a ɗauka wasan 'yan makaranta ne irin na filin firamare: filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi kowane fili a Turai girma. Abin da ya sa zawarci ya zama rai da mutuwa shi ne jami'a ba ta sayen ɗan wasa daga hannun wata kamar yadda Chelsea ke yi, ɗan wasa kuma kakanni kaɗan zai buga ya wuce. Kowace shekara sai wani kaso mai yawa na ƙungiyarka ya tafi, ko ka so ko ka ƙi. Kocin da ya yi barci a zawarcin bana, shekara biyu masu zuwa zai ga sakayyarsa a fili.

Gem ɗin ma ya taɓa ɓacewa tsawon shekara 11 saboda rigimar haƙƙin waɗannan yara. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na jami'ar UCLA, ya ga siffarsa a cikin wani gem ba tare da an nemi izininsa ko an ba shi sisi ba, ya kai ƙara a 2009. EA ta dakatar da gem ɗin bayan fitowar NCAA Football 14 a 2013, aka yi sulhun da ya kai dala miliyan 60. Sai da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta halatta wa ɗalibai cin moriyar sunansu da hotonsu a Yulin 2021 sannan hanya ta buɗe. Da gem ɗin ya dawo, an biya kowane ɗan wasan da ya yarda a sa sunansa dala 600 da kwafin gem ɗin, sama da yara 11,000 daga jami'o'i 134. Na kawo wannan ne don kar wani ya zaci tsarin Amurka aljanna ce. Shekaru aru-aru jami'o'i da gidajen talabijin na kwasar biliyoyi a kan gumin yaran da ba a biya.

To, ga yadda zawarcin yake a ɓangaren da suke kira Dynasty. Kowace shekara kwamfuta na ƙirƙiro ɗaliban sakandare sama da 3,500, kowanne da garinsu, da tsayinsa da nauyinsa, da matsayin da yake bugawa, da taurari daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda ake ganin ƙwarewarsa. Kai koci, allonka na ɗaukar suna 35 ne kacal a lokaci guda, ƙungiyarka kuma ba za ta wuce mutum 85 ba. Jarinka shi ne lokaci. Ana ba ka awoyi kowane mako, kuma rabon ba daidai ba ne: babbar jami'a mai tarihi na iya samun awa 1,000, ƙarama ba ta kai rabin haka ba. Kowane motsi da farashinsa. Leƙa shafukan yaro na sada zumunta awa 5 ne, tura masa saƙo 10, tuntuɓar iyaye da abokansa 25, fita gaba ɗaya da duk ma'aikatanka a kansa 50. Gayyatarsa ziyara 40, binciken ƙwarewarsa ma sai ka biya. Shi kuma yaron yana ta tankaɗe da rairaya, daga jami'o'i da yawa ya rage takwas, ya koma biyar, ya koma uku, sannan ya tsayar da ɗaya. Ranar da ka faɗo daga jerinsa, duk awoyin da ka kashe sun bi ruwa.

Kuskuren sabon shiga a bayyane yake. Zai ɗauki ƙaramar jami'a, ya cika allonsa da masu taurari biyar, ya yayyafa wa kowa awa goma-goma, manyan jami'o'i irin su Alabama da Ohio State da Georgia su zo su kwashe su yana kallo, ya wayi gari babu tsuntsu babu tarko. Waɗanda suka goge sun san cewa gara ka zuba awa 50 a kan yara takwas ko goma da kake da damar samu, in sun amsa ka sauke awoyin a kan wasu. Sun kuma san wata kafa: in aka yi mako biyu ko uku da fara kaka, sai ka koma jerin ka duba waɗanda har yanzu babu wanda ya yi musu tayi. A kan tarar da masu taurari huɗu zaune ba mai nema, don hankalin manya ya tafi wani wuri. Ƙaramin koci da ragowar manya yake gina gidansa, kuma babu abin kunya a ciki.

Sai batun bincike, wanda a ganina nan ne gem ɗin ya fi burgewa. Taurarin nan ƙiyasi ne kawai. In ka kashe awoyi ka binciki yaro har ƙarshe, wani sai alamar koren lu'ulu'u ta fito a kansa, ma'ana ya fi yadda ake zato. Wani kuma jar alama ta fito, ma'ana an zuzuta shi ne. Mai taurari uku da koriyar alama sau da yawa ya fi mai huɗu da ja. Duk ɗan Makarfi ya san wannan ciniki a wurin masu sayen rake tun yana tsaye a gona. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya hango ganye kore shar ya yanke farashi, shi ake yi wa dariya ranar sara. Gwani sai ya kutsa tsakiyar fadama, ya duba gaɓa da kauri, ya karya ɗaya ya tauna. Shigar na cin lokaci, kuma lokacin da ka kashe a wannan gona ba ka kashe shi a waccan ba. Wannan shi ne lissafin da koci ke yi kowane mako: nawa zan kashe wajen sani, nawa wajen lallashi?

Lallashin ma ba da ka ake yinsa ba. Akwai abubuwa 14 da ake auna kowace jami'a da su, a ba ta maki irin na jarrabawa, daga samun damar buga wasa da kusanci da gida, zuwa darajar karatu, kayan atisaye, tarihin ƙungiya, ɗorewar koci a kujerarsa, da yawan waɗanda ta tura NFL. Kowane yaro akwai uku daga ciki da suka fi damunsa, kuma sai ka yi ta hulɗa da shi kafin ka gano su. In ka matsa masa da zancen abin da makinka ya yi ƙasa a kai, ka yi wa kanka. Kowanne kuma yana da sharaɗi guda da ba ya sassauci a kansa. In jami'arka ba ta kai ba, ƙofa a rufe take ko da za ka kwana a gidansu. Ƙaramar jami'a ba ta da tarihi ba ta da suna, amma tana da abu biyu da manya ba su iya bai wa kowa: za ka buga tun shekarar farko, kuma mahaifiyarka za ta iya zuwa kallo. Shi ya sa kowace jami'a ke da yankunan da ta yi jijiya a cikinsu, inda maganarta ta fi nauyi, mai hankali kuma daga nan yake farawa. Ziyara ma da dabararta: yara huɗu kacal za ka karɓa a mako, in ka gayyato su ranar da aka lallasa ka a gida ka ɓata rawarka da tsalle, in kuma ka haɗa biyu masu neman gurbi ɗaya, kowanne zai ga abokin takararsa ya ja da baya.

Ba a nan ta ƙare ba. Tun Oktoban 2018 akwai rumbun da ɗalibi ke sa sunansa in yana son sauya jami'a, kuma gem ɗin ya kwaikwayi wannan. Yaron da ka yi wa alkawarin wasa ka ajiye a benci, ƙarshen kaka zai tattara ya tafi. Ita ma wannan ƙofa kaifi biyu gare ta, domin ta nan ƙananan ke samun waɗanda manya suka wulaƙanta. A zahiri an ga haka a Jami'ar Indiana, wadda ta daɗe tana cikin na baya. Da koci Curt Cignetti ya karɓe ta a kakar 2024, ya zo da 'yan wasa da dama daga tsohuwar jami'arsa ta James Madison, waɗanda ba su da taurari masu yawa amma sun riga sun nuna abin da za su iya, ya ci wasa 11 ya shiga gasar fitar da zakara karon farko a tarihin makarantar. Kar dai a ruɗe: in aka ɗauki shekaru da yawa aka duba, masu tara yara masu taurari huɗu da biyar su suka fi ɗaukar kofi. Ƙiyasin yana kuskure a kan mutum ɗaya, amma ba kasafai yake kuskure a kan ɗari ba.

Mu ma muna da namu labarin na yaron da kwamfuta ta ɗaga. Tsofaffin masu buga Championship Manager, wanda daga baya masu yinsa suka koma fitar da Football Manager, sun san Haruna Babangida, ɗan Kaduna, ƙanin Tijjani Babangida. A cikin gem, duk wanda ya saye shi ya gama da gefen dama na shekara goma. Masu gem ɗin ba ƙarya suka shirga ba, don yana ɗan shekara 15 Louis van Gaal ya sa shi a wasan sada zumunta na babbar ƙungiyar Barcelona a 1998, kuma Mikel Arteta, wanda suka zauna tare a makarantar horon kulob ɗin, ya taɓa ambatonsa cikin mafi baiwar da ya gani. Amma bai samu gurbi a babbar ƙungiya ba. Ya yi yawo daga Yukren zuwa Girka da Saifurus da Rasha, ya buga wa Super Eagles wasa ɗaya tak. Kwamfuta na iya auna gudu da yanka, ba ta iya auna halin yaron da aka raba da gida yana ƙarami aka kai ƙasar da ba ya jin yarenta, ko sa'ar kocin da zai tarar.

Duk wannan dabara, tun daga awoyi har koren lu'ulu'u, a kan abu ɗaya ta tsaya wanda mai buga gem ba ya ko lura da shi: jerin sunayen yana nan. Kana danna maɓalli yara 3,500 su bayyana, babu wanda ya ɓace, babu wanda shekarunsa ke cikin shakka. A Amurka ta zahiri ma haka abin yake, duk da cewa yara kimanin miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandare. Makaranta na da ƙungiya, ƙungiya na da gasa, gasa na da alƙaluma da bidiyo, ga kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da aikinsu ke nan, raba taurari. Ko wanda aka tsallake yana da abin nunawa. Josh Allen ɗan manoma ne daga wani ƙaramin gari mai suna Firebaugh a Kalifoniya. Babu babbar jami'ar da ta kula shi, ya shiga ƙaramar kwaleji, ya yi ta aika wa kociyoyi saƙo da bidiyon wasanninsa har Jami'ar Wyoming ta ɗauke shi. A 2018 ƙungiyar Buffalo Bills ta NFL ta zaɓe shi na bakwai, kuma shi aka ba gwarzon NFL na kakar 2024. Da ba shi da bidiyo da takardar makaranta, da yanzu yana gonar ubansa.

Yanzu a dawo Gubuchi. Yaron da ke yanka mutum uku a filin makarantar firamare da yamma, a wane littafi sunansa yake? Wa ya san ƙwallo nawa ya ci bara, ko shekarunsa nawa na gaskiya? Gasar da ake yi galibi ta hutu ce ko ta kakar siyasa, kansila ko ciyaman ko mai neman kujera ya sa kofi, a raba riguna masu hotonsa, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabi, a watse. Ƙungiyar da ta ci ma sau da yawa da hayar 'yan wasa daga Zariya ko Kano ta ci. Bayan wata uku babu takarda ko ɗaya da za ta nuna wa baƙo wanda ya yi fice.

Abin da ya maye gurbin jerin shi ne gwaji. Sanarwa za ta zagaya a WhatsApp cewa wani ejan zai zo da Turawa, a sayi fom. Yara ɗari biyu ko fiye su hallara tun asuba, wasu sun sayar da waya ko buhun masara sun yi kuɗin mota. A raba su sha ɗaya-sha ɗaya, a ba kowane rukuni minti ashirin. Ɗan baya na iya gama nasa bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Kowa na son ya nuna kansa, ba mai ba wani. Mutumin da ke riƙe da takarda yana kan waya rabin lokacin. Da la'asar a kira sunaye goma, a ce sauran su saurari kira. Ko da a ce ejan na gaskiya ne, minti ashirin ba bincike ba ne; in kuwa na bogi ne, kuɗin fom ɗin dama shi ya kawo shi, sai kuma wanda zai biyo baya na biza da fasfo da za a ɗora wa iyaye.

Rashin rajista ne ya haifi matsalar shekaru. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma tun da FIFA ta kawo gwajin ƙashin wuyan hannu na tantance shekaru a 2009 ake ta jin kunya. A 2016 yara 26 suka faɗi gwajin ana dab da wasan share fage da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da mu. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan sha biyar na gaskiya, wanda aka haɗa da ɗan ashirin da biyu a gwaji aka ce ba shi da ƙarfi. Dokar FIFA kuma ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, sai da ya jira ya cika shekarun a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Masu bin ta bayan fage kuwa sun gani: a 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya kan shigo da ƙananan yara daga Najeriya.

Ga kuma inda rashin takarda ke cin kuɗi tsaba. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin wata ƙasa da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce an yi ciniki kan Yuro miliyan 20, kamar yadda aka ruwaito Real Sociedad ta biya Almería a kan Sadiq Umar ɗan Kaduna a 2022. Rabon masu raino Yuro miliyan ɗaya ke nan, kuma wanda ya riƙe yaro daga 12 zuwa 15 kaɗai zai tashi da 200,000. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke bin wannan kuɗi yana biya kai tsaye. Sharaɗin dai shi ne ƙungiyar na da rajista da hukumar ƙwallo, yaron ma an yi masa rajista da sunanta a waɗannan shekaru. Kocin ƙauyen da ya saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihunsa shekara huɗu, in babu wannan takarda, sai dai ya ga yaron a talabijin ya ce wa na kusa da shi, "Ni na koya masa." Zaidu Sanusi daga Jega ya fito har ya kai Porto, wanda ke nuna cewa ƙaramin gari ba ya hana kowa. Tambayar ita ce irinsa nawa suka wuce ba a rubuta ba.

Tsanin makaranta da Amurkawa ke hawa, mu ma mun taɓa kafa shi. Akwai gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, akwai gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018, akwai Kofin Ramat na matasa da ake yi a Kano. Kaduna ta fitar da Daniel Amokachi ta hanyar Ranchers Bees, ta fitar da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli nan kusa da mu a Zariya. Sai dai ba na goyon bayan masu cewa mu kwafi tsarin Amurka sak. A ƙwallon ƙafa, wanda ya jira ya gama digiri yana da shekara 23 kafin ya nemi kulob ya makara, kuma jami'o'inmu da ke fama da kuɗin wutar lantarki ba za su yi rububin ɗan wasa da karatu kyauta ba. Matakin da ya dace da mu shi ne na ƙasa, firamare da ƙaramar sakandare, inda rajistar aji ke nuna shekarar da yaro ya shiga, malamin wasanni kuma ya san shi ya san ubansa.

Abin da kocin unguwa zai ɗauka daga gem ɗin kuwa, ya riga ya san rabinsa. Makamansa su ne na ƙaramar jami'a: kusa da gida, da tabbacin buga wasa. Sharaɗin da ba a sassauci a kansa a nan ba a hannun yaro yake ba, yana zaure. Koci zai je ya durƙusa ya ce, "Baba, yaron nan naka Allah ya ba shi ƙafa." Dattijo ya ce, "To Malam, mun gode. Ƙafar ce za ta yi masa noma? In lokacin sara ya yi wa zai bi mota da raken?" Ba gardama ce ta jahilci ba. Da rani samari da yawa na yankin kan bi rake zuwa birane su yi watanni suna sayarwa, kuma wannan kuɗi ne na hannu, ƙwallo kuwa alkawari ce. Kocin da ya ce wa uba "shekara biyu zai tafi Turai" ya yi ƙaryar da za ta rufe wa na bayansa ƙofa. Wanda ya ce atisaye bayan la'asar ne, ba zai taɓa Islamiyya ko gona ba, kuma duk wanda ya daina zuwa makaranta ba ya cikin ƙungiya, shi ne ake sake ba wa ƙanin yaron.

Aikin da ya rage ba ya buƙatar PS5 ko Bature. Sassan ilimi da na wasanni na ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan za su iya tsayar da gasar makarantu guda mai kalanda, a riƙa yinta kowace shekara ko da zaɓe ko babu. Kowane ɗan wasa a ɗauki hotonsa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da ajin da yake, a rubuta sakamakon kowane wasa da waɗanda suka ci, a ɗauki bidiyo ko da waya ce. Matasan nan da ke raba dare suna lissafin 'yan wasan ƙarya a Master League su suka fi kowa dacewa da riƙe wannan littafi, don sun riga sun saba da aikin. Ƙungiyoyin gari kuma su daure su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kaduna, su sa sunayen yaransu tun suna 'yan sha biyu. In hutu ya zo, za a sake yawo da takardun neman gudummawar kofi. Duk wanda aka kawo wa, ya nemi a nuna masa rajistar 'yan wasan kafin ya sa hannu a aljihu.